Kuɗin izinin shimfiɗa bututun mai a Nijar

Kuɗin izinin shimfiɗa bututu shi ne abin da gwamnati ke karɓa daga hannun kamfani kafin ta ba shi damar ratsa ƙasa da bututun mai ko na iskar gas. A Jamhuriyar Nijar, dokar man fetur ta 2017 ce ta tsara shi: kamfani yana biyan kuɗin takardar izini, kuma shi ke ɗaukar nauyin binciken illar aikin ga muhalli, wanda hukumar tantance muhalli ta ƙasa (BNEE) ke dubawa.

Babban misali shi ne bututun Nijar zuwa Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, da kamfanin WAPCO, reshen CNPC na Sin, ya shimfiɗa daga Agadem zuwa tashar jiragen ruwa ta Seme a Benin. An aza harsashinsa a 2019. Ya ratsa jihohin Difa, Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso.

A jihar Maraɗi, inda gonakin gero suka yi wa mutane kaɗan, batun diyya ya fi kuɗin takarda nauyi. Dokar karɓe filaye ta 1961 ta wajabta biyan mai gona kafin a karɓe filinsa, kuma haƙƙinsa ne ya nemi a biya shi.