Farantan Da Suka Fi Masu Su Tsawon Kwana

A wasu gidajenmu na Hausari, in aka leƙa ɗakin tsohuwa, ba a rasa wani tire na ƙarfe da fentinsa ya koɗe, mai zanen tauraro ko kambin sarauta. A kansa ake kai wa baƙo goro da ruwa. Yaran yanzu ba su san tallar kamfanin giya ce a jikinsa ba, balle su san wasu kamfanonin sun mutu tun tuni.

Star ta fara fitowa a Legas a 1949, a 1963 kuma Nigerian Breweries ta buɗe masana'anta a Kaduna. Daga baya, musamman da kuɗin fetur suka yawaita a shekarun 1970, sai kamfanoni suka yi ta tsiro, wasu da hannun jarin gwamnatocin jihohi: North Brewery a Kano mai Double Crown, Jos International Breweries mai Rock, ga More a Makurɗi. Kowanne na neman a san da shi, don haka ake rabon tire, kalanda, mabuɗin kwalba da allon talla.

To mu ba mashaya ba ne, amma 'yan kasuwa ne. Direbobinmu na hanyar Jos da Kano, da masu tireda da ke sarin lemo wurin dillalai, ta hannunsu kayan nan suka shigo gida. Tire dai tire ne, wa zai tsaya karanta Turancin da ke jiki?

Faɗuwar ba ta ɗau lokaci ba. Shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, a 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da sha'ir ɗin da ake dafa giyar da shi, aka ce a koma dawa da masara. Manyan kamfanoni suna da kuɗin sauya injuna, ƙananan kuwa suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Fataken dawa ne suka ci ribar abin, don sun samu sabon mai saye da tireloli. Da jihohin Arewa, har da Borno, suka ɗauki shari'a daga shekarar 2000, allunan tallar suka ɓace daga bakin titi. Abin da ya rage a teburin bikinmu shi ne Maltina, wadda kamfanin Star ɗin ne ya fito da ita a 1976.

A Turai akwai masu tara irin waɗannan kaya, suna biyan kuɗi a kansu. A nan kuwa 'yan gwangwan ne ke awon su a sikeli. Gobarar Monday Market ta 2023 da ambaliyar Alau ta Satumbar 2024 sun ci takardu masu yawa, kuma tsohuwar kalanda ba ta jure ruwa. Mu a ganinmu, ko mutum ba ya son ganin tallar a ɗakinsa, ya ɗauki hotonta kafin ya ba ɗan gwangwan, don a gefen kalandar ake samun shekara, sunan kamfani da garin da yake.