Daga Kalangu zuwa Katin Memori: Tarihin Haɗin Waƙoƙin Rawa, da Misali daga Ƙasar Birnin Gwari

Gabatarwa

Masu nazarin waƙar baka ta Hausa sun fi mai da hankali ga mawaƙi da waƙarsa guda ɗaya, watau turkenta da salonta da tarihin wanda aka yi wa ita. Ba a cika waiwayar mutumin da ke ɗauko waƙoƙin mawaƙa dabam-dabam ya jera su, wannan na bin wannan, domin a taka rawa ba. Alhali kuwa a cikin irin wannan jeri ne galibin jama'a ke haɗuwa da waƙa, a gidan biki ko a tashar mota ko a kasuwa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi sawun wannan jeri, wanda za a riƙa kira haɗi, tun daga zamanin da yake hannun makaɗi har zuwa yau da yake cikin katin memori, sa'an nan a nuna dalilin da ya sa bai mutu ba duk da sauye-sauyen da sana'ar kiɗa ta gani. An ɗauki Randagi, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Birnin Gwari a yammacin Jihar Kaduna, a matsayin misali, domin a garuruwa irinta ne amfanin haɗi ya fi fitowa fili.

Haɗi kafin zuwan na'ura

Tun kafin a san wata na'urar ɗaukar murya, Bahaushe ya san jera kiɗa. Makaɗin kalangu da ke dandali ba ya tsayawa kan kiɗa ɗaya daga farkon dare har ƙarshensa. Yakan duba waɗanda ke fili, ya kaɗa taken wannan, ya juya zuwa na waccan, ya sassauta idan an gaji, ya tsananta idan rawa ta yi zafi. Haka ma matan amada ke yi da ƙwarya a cikin gida, haka 'yan mata ke yi a wurin gaɗa, inda waƙa ke miƙa wa waƙa ba tare da tafi ya yanke ba. Gwanintar makaɗi ashe kashi biyu ce: iya kiɗan kansa, da sanin abin da ya dace ya biyo bayan wani. Karin da ake yi masa ladan duka biyun ne. Tarihin da ke tafe a nan tarihi ne na yadda kashi na biyu ya rabu da na farko, ya zama sana'a mai zaman kanta.

Faifai da rediyo da kaset

Faifan garmaho na farko bai dace da rawar Bahaushe ba, domin fuska ɗaya ba ta wuce kimanin minti 3, kuma dole a tsaya a juya shi. Dogon faifan da kamfanoni irin su EMI suka riƙa buga wa Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos ya ƙara tsawon lokaci, amma mawaƙi ɗaya ne a kansa, kuma mallakarsa sai mai hali. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, shi ya fara sabar wa mutanen karkara da jin mawaƙa da yawa a zama ɗaya. A shirin Zaɓi Sonka masu sauraro ke aiko da gaisuwa, ma'aikaci kuma ya jera musu waƙoƙi. Wannan haɗi ne, sai dai iska ke tafiya da shi, ba a iya maimaita shi ranar biki.

Kaset ne ya sauya al'amarin. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya kuma bazu a arewacin Nijeriya a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya sa rikoda mai aiki da batir ta isa ƙauyuka. Kaset yana da arha, yana ɗaukar minti 60 ko 90, kuma kowa na iya naɗa a kansa. Daga nan aka sami mai kaset a kasuwa, wanda zai haɗa wa mutum amadar Barmani Choge da kukumar Garba Supa da waƙar Indiya a kaset ɗaya. Ƙasar Birnin Gwari tana kan tsohuwar hanyar Kaduna zuwa Ikko, kuma wata hanyar ta haɗa ta da Funtuwa, garin Barmani da mazaunin Shata. Direbobi da fatake su ne suka zama masu safarar kaset daga manyan kasuwanni zuwa kasuwannin mako-mako, daga nan kuma ya shiga ƙauyukan da ke cikin daji.

Fiyano da fim da faifan sidi

Da fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990 aka buɗe sabon babi. Kafin ƙarshen shekarun 1990 ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano sun koma amfani da fiyanon Yamaha, wadda ke kwaikwayon kalangu da sarewa da sauran kayan kiɗa a hannun mutum ɗaya. Waƙar fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ta nuna cewa waƙa na iya sayar da fim, har ma ta fi shi daɗewa a bakin jama'a. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai sun gane haka, sai suka shiga tsamo waƙoƙi daga finafinai suna sayar da su a haɗe, a kaset da kuma faifan sidi. Kiɗan fiyano yana tafiya ne da bugu daidaitacce na na'ura, saboda haka ɗinke wata waƙa da wata ya yi sauƙi ƙwarai. A nan ne mai saka kiɗa a biki, wanda matasa ke kira di-je, ya sami gindin zama da lasifikarsa da janaretansa.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai abin ya faru ba. A Ikko, haɗin da 'yan kasuwar Alaba ke bugawa ya zama ƙofar da sabon mawaƙi ke bi ya shahara. A Turai kuwa haɗin kiɗan rawa ya zama haja mai lasisi da sunan mai haɗawa a jikinta. A 1995 aka fara jerin DJ-Kicks a Jamus da The Annual a Ingila, a 2001 kuma gidan rawa na Fabric da ke Landan ya fara nasa jerin, wanda ya rufe a 2018 bayan fitowa ta 100, lokacin da cinikin faifan sidi ya faɗi. Bambancin da ya kamata a lura da shi shi ne, a can an rubuta sunan mai haɗi da shekara da jerin waƙoƙi, an kuma biya masu haƙƙi. A nan kuwa haɗi ya tashi ba suna, ba kwanan wata.

Zamanin waya, da darasin 2021

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Bayan 'yan shekaru wayoyi masu arha da ke karɓar katin memori suka cika kasuwa, mai kaset ya zama mai tura waƙa, yana zaune da kwamfuta a ƙarƙashin rumfa. Kati ɗaya na ɗaukar ɗaruruwan waƙoƙi, kuma abokai na miƙa wa juna ta Bluetooth ba tare da sisin kwabo ba. Sa'an nan aka sami manhajojin sauraro ta intanet: Boomplay ya fara a 2015, Spotify ya iso Nijeriya a 2021, ga kuma YouTube da Audiomack inda mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ado Gwanja ke sakin waƙoƙinsu. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game ƙasa a 2020 ta hanyar bidiyon rawa da mata suka riƙa ɗorawa. Ganin haka, ana iya zaton cewa mai haɗi ya gama yayi, tunda kowa na iya zaɓar abin da yake so.

Abin da ya faru a ƙasar Birnin Gwari ya nuna raunin wannan zato. Yankin, wanda ya ƙunshi gandun dajin Kamuku, ya shafe shekaru yana fama da 'yan bindiga. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako-mako a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Birnin Gwari, a ƙarshen Satumba kuma aka katse layukan waya a yankin, ba a maido da su ba sai a ƙarshen Nuwamba. A cikin waɗannan watanni, duk waƙar da ke zaune a intanet ta zama tamkar babu ita ga mutumin Randagi. Abin da ya rage masa shi ne rediyo da abin da ke cikin katinsa. Ko a lokacin da layi ke aiki, sauraro ta intanet na bukatar kuɗin data da cajin waya da sabis mai ƙarfi, waɗanda ba kullum suke haɗuwa a ƙauye ba. Kati kuwa sau ɗaya ake biya.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan zurfi. Manhaja na iya kawo waƙa dubu, amma ba ta san lokacin da za a fito da amarya ba, ba ta san cewa iyaye mata na jiran amada kafin 'yan mata su karɓe fili ba. Yawan waƙa bai rage bukatar mai zaɓe ba, ƙara ta ya yi. Mai haɗi na yau yana yin aikin nan na biyu na makaɗin kalangu, watau sanin abin da ya dace ya biyo baya. Inda taron dare ya zama haɗari, kuma gayyato makaɗa daga wani gari ya yi wuya saboda hanya, ƙaramar lasifika da kati su ne suka riƙe wa biki ɗan abin da ya rage na armashinsa.

Abin da ake hasara

Duk da haka, wannan ɗorewa tana da farashi ta fuska uku. Na farko, mawaƙin da waƙarsa ke yawo a kati ba ya samun komai daga turin. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988, da sabuwar da aka sa wa hannu a 2023, ba su isa rumfar mai tura waƙa ba. Kamfanin Apple ya fito da wata hanya a 2021 ta gane waƙoƙin da ke cikin haɗi domin a biya masu su, amma wannan na aiki ne a kan intanet kawai. Mawaƙin Hausa ya koma dogaro da wasan biki da waƙar siyasa da talla, haɗi kuma ya zama masa shela maimakon ciniki.

Na biyu, haɗi ruwa ne mai gangarowa daga Kano da Kaduna zuwa ƙauye, ba ya komawa sama. Makaɗin gari, da kiɗan Gwarawa da Kamukawa da Fulanin yankin, ba su cika shiga kati ba, domin ba a ɗauke su a ɗakin ɗaukar waƙa ba. Duk bikin da lasifika ta ci, makaɗi ya rasa karinsa, ɗansa kuma ya rasa wurin koyo.

Na uku, kuma wanda ya fi shafar manazarta, haɗi ba ya barin sawu. Kaset yakan kwana a akwati shekara talatin a same shi, amma kati ana goge shi a sake cikawa. Abin lura ne cewa wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, shi ya tattara waƙoƙi daga katunan waya a arewacin Mali ya fitar da su a 2011, sa'an nan kamfaninsa na Sahel Sounds ya buga haɗin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So a 2013. Wanda ke son sanin abin da aka taka a bukukuwan Randagi a 2005 ko 2015 zai sha wuya kafin ya sami shaida.

Kammalawa

An ga yadda haɗi ya sauya mazubi daga hannun makaɗi zuwa rediyo da kaset da faifan sidi da katin memori, aikinsa kuma bai sauya ba. Sulhun da ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a Nuwamba 2024 ya ba da wata dama ta shiga yankin. Ya dace sassan Hausa na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato, tare da Gidan Arewa da ke Kaduna, su ɗauki haɗi a matsayin matani abin nazari. A sayi tsofaffin kaset daga hannun masu su, a kwafi katunan masu tura waƙa tare da rubuta gari da shekara da jerin waƙoƙi, a kuma yi hira da masu saka kiɗa kan dalilan zaɓensu. Wajibi ne kuma a ɗauki kiɗan makaɗan gari tun suna raye. Ɗalibi ɗaya mai neman digiri na biyu, da kwamfuta da littafin rubutu, zai iya fara wannan aiki a ranar kasuwa guda.