Huda ƙasa don gano tsofaffin fadamu

Huda ƙasa hanya ce da masu binciken kayan tarihi ke bi don gano tafkuna, ƙoramu da tuddan da rairayi ko laka suka binne, ba tare da an tone filin gaba ɗaya ba. Ana zura ƙarfe siriri cikin ƙasa, a zaro abin da ya ɗauko, a karanta shimfiɗunsa daga sama zuwa ƙasa, domin a wurin da ba a taɓa motsawa ba, shimfiɗar da ke ƙasa ta girmi wadda ke samanta.

Tushen wannan ilimi ba baƙo ba ne ga masu haƙar rijiya na Damargu, waɗanda ke ƙirga zurfi da gaba, suna bambanta rairayi da yumɓu da tsakuwa kafin su kai ga ruwa. Siffarsa ta kimiyya kuwa ta kafu ne a dausayoyin arewacin Turai. A 1916 Lennart von Post, ɗan ƙasar Suwidin, ya nuna cewa ƙurar furanni da ta maƙale cikin taɓo tana bayyana irin tsirran da suka rayu a kowane zamani. Gwajin kabon-14, wanda Willard Libby ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1940, ya ba da damar sa wa shimfiɗu shekaru, sannan a 1955 Daniel Livingstone ya bayyana bututun da ke ɗauko lakar gindin tafki a jere.

Kayan aikin sun danganta da irin ƙasar. A busasshen wuri ana amfani da matoni mai murɗawa, ana ƙara masa sanduna yayin da rami ke zurfi. Amfaninsa sauri ne, aibinsa kuma yana cakuɗa ƙasar. A taɓo mai laushi an fi son bututun da ake kira na Rasha, wanda ke yanko rabin mita a lokaci guda, ya rufe shi yadda ƙasar sama ba za ta gurɓata shi ba. Rami ɗaya ba ya zana taswira. Ana jera ramukan ne a layi, a ratsa kwarin daga gaɓa zuwa gaɓa, a auna tsayin bakin kowane rami, sannan a haɗa shimfiɗun da suka yi kama. Baƙar laka mai ɓawon katantanwa alama ce ta ruwan da ya daɗe kwance, tsakuwa da yashi mai kaushi na nuna hanyar ruwa mai gudu, tsabar rairayi na nuna zamanin fari da iska, gawayi da tsingaro kuwa kan nuna inda mutane suka zauna.

A ƙasashen da ke tsakanin kogin Kwara da Tafkin Chadi, wuraren da suka dace da wannan aiki su ne matattun gulabe da kwaruruka masu riƙe ruwa. Kwarin Tarka na cikinsu: tsohon gulbi ne da ya ratsa gundumar Belbeji a jihar Damagaram, ya bi ta yankin Dakwaro da Madawa, ya nufi gulbin Rima a Najeriya. A yau ruwa ba ya gudu cikinsa daga farko zuwa ƙarshe, sai tafkunan damina da rijiyoyi. Kwaruruka irinsa sun ɗauki ruwa a zamunnan da Sahara ke da danshi, na baya-bayan nan shi ne daga kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, lokacin da Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 350,000.

Shaida mafi ƙarfi ta zo ne daga ƙasar Manga. Lakar da aka zaro daga dausayin Kajemarum a jihar Yobe, wadda aka wallafa sakamakonta a 2000, ta ƙunshi tarihin shekara 5,500. Ta nuna cewa ƙurar hamada ta fara ƙaruwa wajen shekara 4,700 da suka wuce, ruwan damina kuma ya ja baya tun daga wajen shekara 4,100 da suka wuce, wato farin da ya faro a 1968 yana da magabata. An yi irin wannan aiki a Bugduma ta gabashin Nijar da Tafkin Tila na tsaunin Biu.

Muhimmancin hanyar ya fi fitowa idan aka dubi kwalekwalen Dufuna. A 1987 wani makiyayi Bafulatani da ke haƙar rijiya kusa da Komadugu Gana ya ci karo da katako a zurfin mita 5. Masana daga jami'o'in Frankfurt da Maiduguri, ƙarƙashin Peter Breunig da Abubakar Garba, suka tono shi a 1994: tsawonsa mita 8.4, an sassaƙa shi daga icen maɗaci, shekarunsa kimanin 8,000, kuma shi ne kwalekwale mafi tsufa da aka sani a Afirka. Jiƙaƙƙiyar ƙasar da iska ba ta shiga ce ta hana shi ruɓewa. Katari ne ya kai mai rijiya kansa, alhali huda ƙasa a jere na nuna wa mai bincike tsohuwar gaɓar ruwa tun kafin ya zaɓi inda zai tona.