Asalin Ɗaurin Aure a Daren Halowin

A daren 31 ga watan Oktoba na kowace shekara, a biranen Amurka da Ingila da Ailan, akan sami ango da amarya da suka zaɓi a ɗaura musu aure cikin shigar burtu, amarya da baƙar riga har ƙasa, ango da fuska shafe da farin alli, 'yan biki kuwa wani ya zo a siffar maye, wani a siffar ƙwarangwal, ga kabewa an fafe an sa kyandir a ciki, an jera tun daga bakin ƙofa har wurin walima. Wanda ya ga hoton irin wannan taro bai san mafarinsa ba, ba za a ga laifinsa ba in ya ɗauka shashanci ne na 'yan zamani. Amma wanda ya bi diddigin al'amarin zai tarar alaƙar wannan dare, da suke kira Halowin, da sha'anin aure ta daɗe ƙwarai, tun kafin kabewa da majigi su shigo cikin maganar.

Mutanen Ailan da na tsaunukan Sikotlan, tun zamanin jahiliyyarsu, suna da wani idi da suke kira Sawin, wanda yake faɗowa a farkon Nuwamba, watau lokacin da aka gama kaka, aka sauko da shanu daga makiyayar tudu, aka yanka waɗanda ba za a iya ciyarwa ba har ƙarshen hunturu. A i'tiƙadinsu, a wannan dare hijabin da ke tsakanin bil Adama da aljanu yakan yaye, saboda haka sukan hura manyan wutace a kan duwatsu, su kuma ajiye abinci a bakin ƙofa domin baƙin da ido ba ya gani. Da addinin Almasihu ya kafu, sai Fafaroma Giregori na Uku, wanda ya riƙe kujera daga 731 zuwa 741, ya keɓe wani ɗaki a majami'ar Bitrus da ke Rum domin tunawa da dukan waliyyansu. A shekarar 835 kuma aka wajabta idin waliyyan ran 1 ga Nuwamba a daular Faransawa. Bayan haka Odilo, shugaban ruhubanawan Kuluni, ya sanya 2 ga wata ranar yi wa matattu addu'a. Daren jajiberen idin waliyyai shi ne Halowin. Talakawa a Ingila sukan bi gida gida suna karɓar waina a bakin alkawarin za su roƙa wa mamatan gidan gafara, yaran Sikotlan kuwa su ɓad da kama, su yi waƙa ko wasa a ƙofar mutane a ba su ɗan abin da ya sawwaƙa, kusan yadda yaranmu suke yin tashe cikin watan azumi.

Inda maganar aure ta shigo shi ne, tun da yake sun ɗauka dare ne da gaibu yake kusantowa, samari da 'yan mata suka mai da shi daren duba, kuma abin da suka fi son sani bai wuce wa za su aura ba. Akan ɗauki ƙwaya biyu na ɗan itace mai ɓawo, a raɗa wa ɗaya sunan saurayi, ɗaya sunan budurwa, a ajiye su gefe da gefe a bakin murhu, jama'a su zuba ido; in sun ƙone tare a hankali, sai a ce zaman zai yi daɗi, in kuwa ɗaya ta fashe ta yi tsalle ta bar 'yar'uwarta, sai a yi shewa, yarinya ta sunkuyar da kai. Wata kuma ta fere tuffa ba tare da ɓawon ya tsinke ba, ta jefa shi ta bayan kafaɗarta, ta waiwaya ta duba harafin da ya yi a ƙasa, wai shi ne farkon sunan mijinta. Mai ƙarfin hali ita ce wadda za ta shiga ɗaki ita kaɗai da tsakar dare, riƙe da kyandir, ta tsaya gaban madubi tana taje kai, tana jiran fuskar mijin ta bayyana a bayanta. Sha'irin Sikotlan, Robert Burns, ya tattara irin waɗannan al'adu a wata ƙasida da ya yi a 1785. A Ailan kuma uwar gida takan gasa burodi mai zabibi, ta ɓoye zobe da tsabar kuɗi da ƙyalle a cikin ƙullun: wanda ya ci karo da zobe a yankansa zai yi aure kafin shekara ta zagayo, mai kuɗi zai wadata, mai ƙyalle kuwa talauci ne rabonsa. Mu dai mun sani gaibu sai Allah, kuma limaman majami'a ma ba su yarda da wannan duba ba. Amma duk mai tausayi zai gane halin yarinyar ƙauye wadda makomarta duka ta rataya a kan wanda za a ba ta, alhali ba ta da ta cewa mai yawa a ciki.

Duk da haka, mutanen wancan zamani ba su cika ɗaura aure a daren ba. Nuwamba wata ne na tunawa da matattu, daga bayansa kuma sai makonnin shirin Kirsimeti, waɗanda a lokacin majami'ar Katolika ta hana shagalin biki a cikinsu. Don haka akasarin auren ƙauyukan Ailan akan yi shi ne daga farkon Janairu zuwa talatar da ke gab da azuminsu na kwana 40.

Sai ga musibar yunwa. Daga 1845 ciwo ya kama dankalin da talakawan Ailan suka dogara da shi, har mutum wajen miliyan ɗaya suka halaka, wasu kimanin haka kuma suka yi hijira, mafi yawansu zuwa Amurka. A gida, wata saiwa mai tauri da suke kira tanif suke fafewa su yi fitila mai fuskar dodo. A Amurka suka tarar da kabewa, ga girma ga sauƙin sassaƙa, ga ta kuma tana nuna daidai lokacin, sai ta gaje wurin. Zuwa farkon ƙarni na 20 daren ya zama na liyafar samari da 'yan mata a gidajen masu hali, katunan gaisuwa na lokacin cike suke da hoton budurwa da madubinta, kamfanin Dennison kuma yana buga ɗan littafi mai koya wa matan gida yadda za su ƙawata ɗaki da takarda baƙa da ruwan lemo, launuka biyun da har yau ake gani a wurin bikin.

Siffar amaryar kanta daga majigi ta fito. Kamfanin Universal ya fitar da Dracula da Frankenstein a 1931, sa'an nan a 1935 ya biyo da Bride of Frankenstein, inda Elsa Lanchester ta fito cikin farin mayafi, gashinta a miƙe sama da farin zane a kowane gefe, kuma wannan kama ce amare da yawa suke kwaikwaya. Baƙar riga kuwa ba ta zama abin mamaki ba sai don farar ta riga ta zama ƙa'ida, tun bayan da Sarauniya Biktoriya ta sa fara ranar aurenta a 1840. Kafin nan mace takan yi aure da rigar da ta fi kyau a akwatinta, ko da baƙa ce. Matasan Ingila masu son baƙaƙen tufafi da waƙoƙin baƙin ciki, waɗanda suka bayyana a wajejen 1980, sun ɗauki baƙi a matsayin adonsu, da suka isa aure kuma ba su ga dalilin canza shi ba.

Abin da ya rage shi ne wuri da izni, domin babu limamin da zai yarda a shigo masa da akwatin gawa gaban mumbari ranar ɗaurin aure. Jihar Nebada ta Amurka ta daɗe tana ba da takardar aure ba tare da jiran kwanaki ba, ofishin da ke Las Vegas ma yana buɗe har tsakar dare, kuma a can wasu ɗakunan ɗaurin aure na haya sukan shirya biki inda mai ɗaurawa zai fito daga akwati cikin alkyabbar Dracula. A Ingila dokar aure ta 1994 ta halatta ɗaurin auren hukuma a wuraren da aka amince da su, kamar otal da tsofaffin gidajen sarauta, sai ganuwa da soro masu duhu suka shiga kasuwa. Ga shi kuma Oktoba, saboda sanyin iskarsa da jan ganyen itatuwa, ya zama cikin watannin da Amurkawa suka fi yin aure.

Akwai waɗanda sukan tafi garin Salem na jihar Masacusets domin a ɗaura musu a can, saboda sunan da garin ya yi a kan mayu. A nan ne ni kam nake ganin an wuce gona da iri, domin mutum 19 da aka rataye a garin a 1692 bisa tuhumar maita, da dattijon da aka danne da duwatsu har ya cika, bayin Allah ne da aka zalunta da shaidar zur, kuma bai dace a mai da wurin da aka zalunce su dandalin ɗaukar hoton biki ba.