Kusheyin Durbawa: Daga Bakin Tsofaffi Zuwa Bakin Diga

A Kankia inda na tashi, labarin Korau da Sanau yana zuwa ne bayan tuwon dare, tsakanin tatsuniyar Gizo da barci. Kakata takan ba da shi kamar a gabanta aka yi: Sanau sarki ne gwanin kokawa, mai laya a ƙugu, ba wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa, sai wani baƙo daga 'Yandoto mai suna Korau ya haɗa baki da matar gidan aka sace layar. Aka shiga fili a gindin tsamiya, baƙo ya kayar da sarki ya yanka shi, sarauta ta bar gidan Durbawa. Da muka je biki Kusada na ji wani tsoho yana ba da shi da ɗan bambanci, na ce masa, "Baba, ba haka Iya ta ce ba." Ya yi dariya ya ce in koma in tambaye ta ko tana wurin.

Jerin sarakunan Katsina yana farawa da Kumayau, jikan Bayajida a faɗar masu labari, ya gangaro har Sanau. Muhammadu Korau, wanda masana ke ajiyewa a ƙarni na 15, da sunansa ake kiran fada har gobe, Gidan Korau. Shekaru aru-aru duk wannan yana hannun makaɗan fada da malamai.

Sai Turawa suka zo. H. R. Palmer, jami'in mulkin mallaka da ya tsaya aka naɗa Durbi Muhammadu Dikko sarautar Katsina a 1906, mutum ne mai kwaɗayin tsohon labari. A 1907 ya sa aka haƙa wasu daga cikin tuddan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda ake cewa nan sarakunan farko suke kwance. Ya tattara labarai da yawa, ya buga a Sudanese Memoirs a 1928. Gyara ya yi da ɓarna a haɗe. Ya ceto abin da zai iya salwanta, amma duk inda ya ga sarauta ko gari mai ganuwa sai ya nemo wani farin baƙo daga gabas ya ɗora masa, kamar baƙar fata ba ta iya kafa gari da kanta.

Abin dariyar shi ne ƙasarsu Palmer ta sha irin wannan. Wajen 1136 wani malamin coci, Geoffrey na Monmouth, ya rubuta cewa Brutus, jinin mutanen Troy, shi ya kafa Birtaniya, ya kuma ƙawata labarin Sarki Arthur. Bayajidarsu ke nan, kuma sun daɗe suna ɗaukarsa tarihi. A 1191 sufayen Glastonbury, shekara bakwai bayan gobara ta cinye musu ginin ibada, suka ce sun tono kabarin Arthur. Mai neman kuɗin gini ai ba ya rasa dabara. Ingila ba ta sami ƙwaƙƙwarar shaidar sarakunanta na wancan duhun zamani ba kamar ta 1939, da aka haƙa tudun Sutton Hoo aka tarar da gurbin jirgin ruwa mai tsawon mita 27, da hular yaƙi, da faifan azurfa daga daular Rumawa ta gabas. Kabarin na farkon ƙarni na 7 ne.

A nan gida, gyaran aikin Palmer ya fara daga Zariya. Abdullahi Smith a 1970 ya nuna cewa daulolin Hausa daga ƙauye da gari da birni suka tsiro, a hankali. Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa maƙwabciyarmu, ya bi ƙasar Katsina gari-gari yana sauraron tsofaffi, kuma littafinsa na 1981, The Transformation of Katsina, ya warware saƙar Palmer. A karatunsa, hawan Korau sauyin tsarin mulki ne a ƙasa mai kasuwa da baƙi da masu sana'a, wadda tsohon tsarin Durbawa da tsafinsa ya yi wa kaɗan. Ni dai tun da na karanta shi nake kallon layar Sanau da wani ido.

A 1992 masana daga Jamus da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya suka koma Durɓi ta Kusheyi suka buɗe tuddai uku, kowanne da mutum ɗaya a tsakiya. Aka sami wuri, da duwatsun ado, da warwaron hauren giwa, da mundayen tagulla, da 'yan kunnen zinariya, da wata tasa ta ƙarfe ƙirar Gabas ta Tsakiya. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara, gwaji ya ajiye kaburburan tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Ƙasa ba ta faɗi sunan kowa ba, kamar yadda Sutton Hoo ma ba ta faɗa ba. Ta dai nuna cewa masu arziki da iko sun zauna a nan, kayan nesa na iso musu ta Sahara.

Tuddan suna nan a tsakiyar gonaki, tafiyar da ba ta kai ta yini ba daga Kusada. Na tambayi 'yan makarantar sakandare a unguwarmu ko sun san wurin. Biyu suka ce sun taɓa jin sunan, ɗaya ya tambaye ni ko a Nijar yake.