Tashi Ba Wuya, Sauka Ce Matsala: Yadda Jiragen Yaƙi Suka Koyi Zama a Teku

Jama'a, duk sanda rikici ya tashi a Gabas ta Tsakiya, labarin da muke fara ji shi ne Amurka ta tura ƙaton jirgin ruwanta mai dakon jiragen yaƙi. Muna ganin hotunan jirage suna tashi suna sauka a bayansa kamar tantabaru a ɗakinsu, har mutum ya ɗauka dama can haka abin yake. To ba haka yake ba, an yi asarar rayuka kafin a kai nan.

Jiragen farko da aka gwada wannan aiki da su masu fukafukai hawa biyu ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa, an haɗa su da sanduna da wayoyi. Jikinsu katako ne da aka lulluɓe da yadi, matuƙi kuma a fili yake zaune iska na dukansa. Masu irin wannan siffa ne suka fara sauka a Kano a 1925.

Ranar 14 ga Nuwamba 1910 wani Ba'amurke, Eugene Ely, ya tashi daga wani dandamalin katako da aka kafa a gaban jirgin ruwan yaƙi Birmingham. Ranar 18 ga Janairu 1911 kuma ya sauka a kan Pennsylvania a gaɓar San Francisco. An ja igiyoyi a kan dandamalin, kowace da buhunan yashi a bakinta biyu, ƙugiyar da ke ƙarƙashin jirginsa ta kama su ya tsaya. Sai dai a lura, jirgin ruwan a tsaye yake ranar. A fagen yaƙi kuwa wa zai tsaya maka?

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya tilasta wa Ingila neman mafita. Jamus tana da Zeppelin, wato wasu manyan balan-balan masu inji, suna leƙen asirin rundunar ruwan Ingila suna kuma jefa bama-bamai a garuruwanta. Jirgin sama mai sauka a ruwa ya cika nauyi, ba ya iya hawa ya cim musu. Sai aka koma ga wani ɗan ƙaramin jirgi mai taya, Sopwith Pup, wanda taƙi kaɗan ke isar sa ya tashi. Ranar 21 ga Agusta 1917 wani matuƙi mai suna Smart ya tashi da shi daga jirgin ruwa Yarmouth ya harbo Zeppelin guda. Bayan nan fa? Ba wurin sauka. Ya faɗa teku, aka tsamo shi, jirgin kuma ya tafi. Tsarin ke nan a lokacin: ka tashi, ka yi aiki, ka faɗa ruwa, ka jira a gan ka.

Edwin Dunning, ɗan shekara 25, ya ga cewa wannan ba hanya ba ce. Jirgin ruwansu, Furious, yana da dandamalin tashi a gaba, amma bututun hayaƙi da ginin matuƙa suna tsakiya sun tare hanya. Dabararsa ita ce Furious ya fuskanci iska da gudu, ta yadda Pup, wanda ke iya tafiya a hankali sosai, zai zama kamar yana tsaye a sama. Ranar 2 ga Agusta 1917, a Scapa Flow da ke arewacin Sikotland, ya bi gefen jirgin, ya kewaye bututun, ya karkato kan dandamalin. Abokan aikinsa suka ruga suka kama madaurin da aka ɗaura a jikin jirgin suka janyo shi ƙasa da hannu. Da hannu fa! Shi ne mutum na farko da ya sauka a kan jirgin ruwa yana tafiya.

Kwana biyar bayan haka, 7 ga Agusta, yana sake gwadawa injin ya shaƙe, jirgin ya zame ta gefe ya faɗa teku. Kafin a kai gare shi ya nutse.

Hukuma ta mayar da Furious wurin gyara, aka ƙara masa dandamalin sauka a baya, amma aka bar bututun da ginin a inda suke. Zafin hayaƙi da iskar da ke murɗawa a bayan ginin suka riƙa wurgi da ƙananan jiragen nan, mafi yawan gwajin sauka ya ƙare da ɓarna. An kashe kuɗi, an yi gyara, amma ba a taɓa ainihin ciwon ba.

Shi ya sa ranar 19 ga Yuli 1918, da jirage bakwai ƙirar Sopwith Camel suka tashi daga Furious don kai hari sansanin Tondern, ba wanda ya dawo kan dandamali. Sun ƙone Zeppelin biyu a rumfarsu, amma uku sun sauka a ruwa aka tsamo matuƙansu, uku sun sauka a Denmak aka tsare su, ɗaya kuma ya mutu a teku.

Mafita ta zo da jirgin Argus a ƙarshen 1918. An fara gina shi ne a matsayin jirgin fasinja na Italiya, sai aka shimfiɗa masa dandamali sumul daga gaba har baya, aka karkatar da hayaƙi ta baya. Furious ma a ƙarshe sai da aka share masa ginin, ya dawo aiki a 1925. Amurka ta mayar da jirgin dakon kwal ya zama Langley a 1922, aka kuma inganta dabarar ƙugiya da igiya irin ta Ely. Japan ta ƙaddamar da Hosho a ƙarshen shekarar, jirgin yaƙinta na farko na kan teku kuma Herbert Smith ne ya zana shi, tsohon injiniyan kamfanin Sopwith. Masu fukafukai hawa biyu sun daɗe suna wannan aiki saboda suna sauka a hankali. Amurka ba ta janye Grumman F3F daga sahun gaba ba sai 1941.

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan gyaran rabi da aka yi wa Furious. Mu da muke aikin gwamnati mun san shi sarai. Tsari ya lalace, sai a samu wani jajirtacce yana riƙe da shi da ƙarfin hali, a yi ta yaba masa. Ranar da ya faɗi sai a kafa kwamiti, a ƙara wani sashe a baya, bututun kuma yana nan daram a tsakiya. Dunning ya nuna abin zai yiwu, amma sai da aka yarda aka cire abin da ya tare hanya sannan matuƙi na yau da kullum ya iya sauka lafiya ya kwana a gadonsa.

A ma'aikatarku, mene ne bututun da kowa ke kewayewa?