BAYANI: Ginawa ko saye? Yadda manyan kamfanonin fasaha suka shigo cikin ganuwar Zariya

Manyan kamfanonin fasaha na da hanyoyi biyu na bunƙasa. Ko dai su ɗauki injiniyoyi su ƙera sabon abu a cikin gida, ko su sayi ƙaramin kamfanin da ya riga ya ƙera shi, tare da ma'aikatansa da lasisinsa da masu hulɗa da shi. Hanyar farko tana cin lokaci, amma ilimin aikin yana zama a gida. Ta biyu tana da sauri, sai dai takan kawar da abokin gogayya tun bai yi ƙarfi ba.

Ana ganin sakamakon wannan zaɓi a birnin Zariya, daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, a wayar maɗinkin babbar riga da kuma teburin mai POS.

Abin da aka saya

Android, manhajar da wayoyin Tecno da Infinix ke aiki da ita, Google ya saye ta a 2005. A 2006 ya ƙara da YouTube kan dala biliyan 1.65. Facebook, wanda yanzu ake kira Meta, ya sayi Instagram a 2012 kan dala biliyan 1, sannan WhatsApp a 2014 kan kusan dala biliyan 19. Ke nan maɗinkin da ke tallata aikinsa a Instagram, ya kuma yi ciniki a WhatsApp, a shagon mutum ɗaya yake zaune.

A Najeriya ma haka ne. MTN ya sayi Visafone a 2016. A Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa, kan sama da dala miliyan 200. A 2022 Equinix ya kammala sayen MainOne, mai babbar wayar intanet ta ƙarƙashin teku, kan dala miliyan 320.

Hanyoyi biyu a teburin mai POS

Moniepoint ya fara ne a 2015 da sunan TeamApt, yana rubuta wa bankuna manhajoji, daga bisani ya gina tsarin wakilansa da kansa. OPay kuwa ya samu gindin zama ne bayan kamfanin Opera ya sayi PayCom mai lasisin hada-hadar kuɗi ta waya, ya kuma fara aiki a 2018. Gogayyar irin waɗannan kamfanoni ce ke ba wakili damar sauya na'ura idan caji ya yi yawa ko sabis ya tsaya. Da ɗaya zai haɗiye sauran, wannan dama ta tafi.

Abin da doka ta tanada

A Disamban 2020 hukumar FTC ta Amurka ta maka Facebook a kotu bisa zargin cewa ya sayi Instagram da WhatsApp ne don kashe gogayya. A Nuwamban 2025 kotun ta ba Meta gaskiya.

A Najeriya, hukumar FCCPC ce doka ta 2018 ta ɗora wa alhakin tantance haɗewar kamfanoni da sayensu. Ita ce ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a Yulin 2024 kan yadda ake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, ciki har da na WhatsApp.

Ga ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello mai burin kafa kamfani, saye na iya zama riba da ƙarin jari. Ga al'umma kuwa, duk cinikin da hukuma ta amince da shi yana fayyace wanda zai riƙe bayanan jama'a, da wanda zai yanka farashi, da kuma ƙasar da ribar za ta sauka.